Asabar Uku Ban Haye Ba

Ba don lada na ba da sunana ba, in faɗi gaskiya.
Malama Rifkatu ce ta ce duk mai zuwa hayi ran Asabar
an ɗauke masa sharar aji da wankin bayi,
sai na ɗaga hannu kafin kowa.

Mu bakwai ne, da allo ɗaya mai gurguwar ƙafa,
kwalin alli, da ledar murafen kwalba
da Jatau ya tsinto a bayan shagunan Samaru.
Mukan riƙe takalma a hannu,
mu ratsa Kubanni ta inda ruwa bai wuce idon sawu ba,
mu bi gefen gonar rake,
mu ɓullo gindin mangwaron da awaki ke riga mu zama.

Yara sha biyu, wata rana sha tara,
ya danganta ga ko ana ɗiban tumatir a fadama.

Ranar farko na zube murafe goma, na ce a cire uku.
Tasalla ta dube ni
kamar na tambaye ta ko wuta na da zafi.
Ta ce, "Anti, mutum ya ba ki ɗari biyar,
ya ci awarar ɗari da saba'in,
ya ce a ƙara masa ta ashirin,
nawa ne canjinsa?"
Ina ƙirga yatsu a ɓoye cikin hijabi
ta ce, "Ɗari uku da goma,"
ta gyara goyon ƙaninta.

Lissafi ba shi ya kawo ta ba.
Sunanta take so ta gane
a littafin bashin mai shago,
don kada a karanta mata layin wani.

T ba ta ba ta wuya ba, sanda ce da jinka.
L biyu, tagwaye a tsaye.
Amma S, ɗan macijin nan,
kullum sai ya juya mata baya.
Na kama hannunta, yana ƙamshin mai da yaji,
muka ja shi tare ya fi sau talatin.
In na saki, ya koma inda ya fi so.

Sai Agusta ta zo da nata.
Rafi ya cika ya batse, ya tafi da raken mutane,
shugabar makaranta ta ce ko ƙafa ɗaya ba za a tsoma ba.
Asabar ta ɗaya na yi barci, ban ɓoye ba, na ji daɗi.
Ta biyu na wanke bayi ina tsaki.
Ta uku na tsaya bakin taga
ina kallon hayi ta cikin ruwa,
ina cewa, shi ke nan, sun watse,
wa zai zauna jiran allon da bai zuwa?

Da ruwa ya janye muka haye, laka har ƙauri.
Tun daga gonar rake muke jin murya:
"Ku maimaita! Ban ji ba! Ku maimaita!"
Muryata ce, har da tarin da nake yi a tsakiya.

Tasalla ce bisa turmi a kife,
karan dawa a hannu, goyo a baya.
Bangon gidan Baba Ilu ya yi baƙi da gawayi
iya tsawon hannun yaro:
Sambo. Asabe. Isuhu. Sa'a.
Ashirin da ɗaya na ƙirga a zaune,
kuma kowane S a bangon nan
ya juya baya, kamar sun haɗa baki.

Jatau ya tuntsure da dariya har allo ya faɗi.
Malama Rifkatu ba ta ce uffan ba,
ta cire tabarau tana ta gogewa da gefen zane.

Na zaro alli zan gyara.
Na tsaya.
Na mayar da shi kwali,
Asabar ai ba ta ƙarewa.

Na ce, "Malama, ina zan zauna?"
Ta nuna min bayan Isuhu da karan,
ta ce, "Kin makara."