Hanyar Edo

Kwana goma sha tara ke nan ina cikin akwati,
ƙarti huɗu na ɗauke da ni kamar makara,
sai dai wannan gawar tana jin ciwon gwiwa.
Ta tsakankanin labulen gora nake leƙen hanya:
manoma sun kifa goshi a taɓo.
Ban san fuskar ko ɗaya ba, ƙeyarsu na sani.

Ni ne Naomitsu, uban ƙasar Kurose.
A takarda shinkafata ta isa ci da mutum dubu talatin,
amma Rihei, attajirin Osaka,
ya cinye ta tun ba ta fid da kai ba.
In ya zo, daga bakin ƙofa yake durƙusawa,
murya ƙasa-ƙasa,
sai ka ce shi ake bi bashi.

Dab da kowane gari, tsoho Gonzaemon
kan yi hayar masu mashi arba'in,
mu ratsa kasuwa da ƙasaita.
Bayan gada ya ƙirga musu kuɗi, su watse.
Da dare miya kan bi ta baki uku saboda guba,
ta iso mini a sanyaye.
Rabona da ƙona harshe tun ina yaro.

Shekara a gida, shekara a gindin Shogun.
Sumi kuwa tana Edo, jingina ce, ba ta fita.
Ɗanmu bai taɓa ganin ganuwar da zai gada ba.
Wancan zuwan, da na miƙa masa hannu,
bayan mai renonsa ya ɓuya.

Yanzu ga baƙaƙen jirage masu aman hayaƙi.
An ce in tsare gaɓar teku,
ni da igwa biyu:
ɗaya ta tagulla, tun ta kakan kakana,
ɗayar gungume ce muka shafa mata baƙi.
Samarin gidana sun daina sunkuyar da ido,
suna raɗa da sunan Kyoto,
wasu sun sulale da takubbansu cikin dare.

Gobe za mu shiga birni.
Cikin hannun rigata na ɓoye busasshiyar kanya uku
daga itacen da ke bayan rumbunmu.
Gonzaemon bai sani ba, ba wanda ya ɗanɗana.
Zan ba yaron da hannuna
in ce masa: ga ɗanɗanon garinku.