Gindin Kwando

Asuba a Farin Gada, sanyi na cizon yatsu,
motocin Bokkos sun sauke dankali tun ba a ganin tafin hannu.
Ni kuwa ina tsugune kan aikin da na iya:
manya a sama, masu sheƙi,
ƙanana da masu tabo can ƙasa,
inda ido ba ya zuwa.

Haka na tarar ana yi, ban ƙago ba.
Tun ina ɗan dako maigidana ya ce,
"Sama ta mai saye ce, ƙasa taka,
kar ka kawo mana wa'azi cikin kasuwa."

Rumfar da ke jikin tawa ta Mama Chundung ce.
Ita in mai saye ya tsaya
sai ta kife kwandon a kan buhu,
kowane dankali ya gangaro da fuskarsa.
Wasu su taɓe baki, su matso wurina.
Na sha ce mata, "Mama, kina koro mini ciniki."
Sai ta gyara ɗankwali,
ta ci gaba da shan kununta ba tankawa.

Ranar wata Laraba Baba Sambo ya zo,
tsohon ma'aikacin kuza, yana ta rufe masa ido,
jikansa na riƙe da bakin sandarsa.
Gobe suna a gidansu, kwando biyu yake so.
Na ce, "Baba, sa hannu ka taɓa."
Ya yi dariya har da tari.
"Ɗayyabu, ai kai ne.
Me zan taɓa? Ɗaura mini, rana tana ɗagowa."

Ai kai ne.
Da zagi ya yi da na san amsa.
Na tsaya riƙe da igiya,
ina jin warin na ƙasan nan da ni kaɗai na san da su,
ina ganin matan gidansa gobe da wuƙa
suna yanka, suna zubarwa,
shi yana zaure yana karɓar gaisuwa.

Na kife kwandon.

Yaron ya dube ni, ya dubi ƙasa.
Goma sha bakwai na tsince, na ƙirga,
na cike gurbinsu daga buhun da na ɓoye wa masu mota.
Tsohon bai san an yi komai ba.
Cewa ma ya yi na cika nawa.

Ba zan ce na zama waliyyi ba.
Kullum asuba hannuna ya san tsohuwar hanya,
in ban tsare shi ba manyan yake ɗorawa.
Ribar ma ta ragu, matata ta lura.
Amma ranar, da na ɗago kai,
Mama Chundung ta miƙo mini kofin kunu,
bakinta bai ce komai ba,
na karɓa hannu biyu, yana ƙonawa.