Bayan Bangon Dalma

Ran kasuwa aka kawo Baffa Tsalha daga Harbo,
hannun hagu rataye a tsohon rawani.
Amalanke ce ta kife, shanun ko ƙwarzane.
Muka jira janaretan asibitin Jahun har bayan azahar.

Na shimfiɗa hannun a kan faranti,
na ce kada ka motsa, Baffa,
na shige bayan bangon dalma.
Ƙiit. Shi ke nan.

Da na fito ya kafa mini ido:
"Ke Laure, ni aka auna da hasken nan,
ban gudu ba.
Ke da ba a nufe ki ba, ɓuyan me kike yi?"

Shekara huɗu na yi ina karanta amsar nan,
ban taɓa faɗinta da bakin gidanmu ba.

Na ce, Baffa, tuna masussuka.
Taɓarya turmi take nufa,
amma na tsaye a gefe
shi ma sai ya kakkaɓe gero daga wuyan riga.

Haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa.
A namanka kuwa, da ƙashinka, har farcen nan,
akwai 'yan mitsi-mitsi na lantarki,
elektaron ake ce musu,
ƙurar tankaɗe ma dutse ce a gabansu.

Wata ƙwayar hasken ta ratsa ka salin-alin,
ta sauka a faranti.
Wata ƙashi ya haɗiye ta.
Wata kuwa ta yi karo da elektaron,
ta bangaje shi, ya fice daga gidansu a guje,
ita ta karkace
ta kama hanyar da ba a aike ta ba.

Ba ta rage gudu, haske bai iya sassarfa ba.
Da ƙarfinta take biyan kuɗin karo,
kamar tsirkiyar garaya da aka sassauta:
ita ce dai, amma muryar ta yi ƙasa.
In gefe ta goga, ɗan kaɗan ta bari.
In goshi da goshi ne, ta juyo da baya,
nan asarar ta fi yawa.

Ya ce, "To wacce ce za ta zo wajenki?"

Ba wanda ya sani, Baffa.
Lissafi na dubu yake bayarwa:
kaza za su miƙe, kaza su fanɗare.
Guda ɗaya kuwa, sai ta faru ake sani.
Kai yau kaɗai ka zo.
Ni sau talatin nake tsayawa gefen turmin nan
kafin la'asar.

Ya yi shiru, ƙuda na yawo a kan gwiwarsa.
Can ya ce, "Shekarar da fari ya ci gonata,
ni ya nufa.
Amma Mati mai shayi ne ya naɗe teburinsa,
har yau yana Fatakwal."

Ban ce komai ba.
Wannan ba ya cikin littafinmu.

Na ɗaga hoton jikin taga.
Ga tsagewar nan a wuyan hannu,
siririya kamar zaren kaba.
Ga kuma wani dushi-dushi ya lulluɓe gefen ƙashin:
ɓatattun ƙwayoyi ne,
sun iso faranti ta hanyar da ba tasu ba,
ba su zo da labarin komai ba sai na karo.

Ya daɗe yana kallo.
"Nawa ne wannan?
Ba kanta, ba tabon lauje?"

Naka ne, Baffa.

Aka ɗaure hannun da farin siminti.
Ya nemi hoton, ya cusa shi cikin buhun taki,
ya ce zai nuna wa shanun abin da suka yi.
A bakin ƙofa ya waiwayo:
"Ki riƙa shiga bayan bangon nan da sauri, kin ji."