Tsohuwar da ke Kan Teburina

In na kunna ta da safe, sai in ɗora shayi.
Kafin ta buɗe ido an sha na fari,
wani lokaci har na biyu ya tafasa
tana nan tana nishi
kamar injin niƙa da aka ɗura wa jiƙaƙƙen gero.

Shekara tara muna tare a rumfar nan,
daura da ofishin magajin gari.
Takardar neman aiki, yarjejeniyar haya,
ƙorafin manomin da Gulbi ya cinye wa rabin gona,
duk ta cikinta suka bi.
Harafin A ya goge, yatsana ne ya san gurbinsa.
Batir ya mutu tun bara waccan.
In an ɗauke kuran, ita ma ta ɗauke numfashi
da rabin wasiƙar mutum a bakinta.

Ran Litinin na kai ta wurin Sha'aibu a Babbar Kasuwa.
Ya kwance ta a kan kwali,
ƙusa goma sha ɗaya cikin murfin kwalba.
Ya hura, sai ga ɓawon gyaɗa,
ga ƙwayar riɗi, ga fuffuken wani ƙwaro.
Ya ce, "Malam Ɗan Tani, ai har kalaci kuke tare.
A ƙara mata memuwar, a sauya faifai,
batir kuma sai an aika Kano.
Jika arba'in da biyar, ban da ladan hannu."
Na ce shekara nawa za ta ƙara?
Ya ce, "Ni mai gyara ne, ba boka ba."

Layi biyu gaba, cikin gilashi,
ga sabuwa, siririya kamar littafin ɗan lekol.
Yaron shago ya taɓa ta da yatsa ɗaya,
ta farka kafin in gama salati.
Jika ɗari biyu da tamanin.
Na tambaya sau biyu, kuɗin bai ragu ba.

Da dare a Bagalam na yi lissafi a bayan ambulan.
Jajayen awaki uku a garke,
amma na Balkisa ne, har igiyarsu.
Kuɗin makarantar Rakiya na jira a watan goma.
Adashe bai zo kaina ba tukuna.
Balkisa tana tsince wake, ba ta ɗago ba, ta ce,
"Ƙwarya in ta tsage ana ɗinkewa,
amma ba a dama fura a ɗinki na uku.
Wannan na nawa ne?"
Na ce na farko.
Ta ce, "To me ya hana ka barci?"

Na biya memuwar da faifai, jika talatin.
Batir na bar shi ga Kano da mutanenta.
Na samo gwangwanin madara, na huda murfin,
kowace takarda dala ashirin a ciki,
don siririyar can, ko ƙanwarta.

Yanzu ina dannawa take amsawa.
Gawayi bai kama ba ta shirya.
Ilu mai hoto ya leƙo jiya ya ce,
"Ina shayin?"
Na ce aiki ya riga shi.
Muna cikin haka aka ɗauke kuran.
Ta mutu kamar yadda ta saba.
Na jawo buta, na ce masa ya zauna.