Baki Ɗaure a Maƙera

Na iso Mafara ana jajiberin kasuwa,
jaka ɗaya a kafaɗa, baki a ɗaure.
Baba Nomau na gindin zugazugi,
gawayin ƙirya na tsartuwa a gabansa.
Bai ɗago ba ya ce, "Labbo,
shekara huɗu kana cin albashin hukuma,
har yau ban san abin da kake ƙerawa ba."

Na ce, Baba, ba ƙira nake ba, gadi nake.
Akwai wani ƙarfe da ba ya son wuta,
shi ne wutar kansa.
Ƙwaya ɗaya tasa kamar ta gero
ta isa ta gano ciwo a ƙashin mutum,
in ta faɗa hannun banza kuma
ta mai da unguwa kufai.
Ranar da suka ɗauke ni
sun ajiye mini takarda shafi goma sha ɗaya.
Kada in faɗi nawa ne,
kada in faɗi ɗakin da yake kwana,
ko ranar da mota za ta ɗauke shi, ko ta wace hanya.
Na sa hannu, aka buga hatimi.
Ko matata ba ta san launin ƙofar ba.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"To, ai gadon gida ka ci.
Ni da Barmo ya koya mini haɗin albarushi
ba takarda, ba alƙali,
hannuna ya ɗora bisa uwar maƙera
ya ce in na sayar da shi wuta ta ci ni.
Bara waccan mutum uku suka zo da babur
bayan isha'i, rawani har ido,
kuɗi cike da bakin buhu.
Na ce musu idona ya mutu,
fartanya kawai nake iyawa.
Tun ranar fartanya nake yi,
ko ƙanenka Anaruwa ban koya wa ba.
Zan tafi da shi ƙasa."

Muna jin daɗin junanmu,
masu riƙon asiri biyu,
sai Inna Kulu ta ajiye ƙwaryar fura da ƙarfi.
Ta ce, "Ku yi ta yabon shiru.
Da ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida
can wajen ɗiyata a ƙasar Anka,
wa ya ce mana akwai dalma a ciki?
Wani ya sani. Wani a ofis ya sani, ko ya kamata ya sani.
Jikokina biyu na wanke da hannuna.
Kai mai hatimi,
in abin naka ya tsiyaye wata rana,
takardarka ta ce ka faɗa mana,
ko ta ce ka kama bakinka?"

Na san akwai sashen da ya ce a yi shela,
na san lambarsa, na haddace shi don jarrabawa.
Amma na san matakala nawa magana ke hawa
kafin a ba ta izinin saukowa,
kuma iska ba ta jiran sa hannun darakta.

Ban amsa ba.
Na taɓa ɗan ma'aunin da ke aljihun rigata,
wanda ke lissafa abin da jikina ya sha
na hasken da ido ba ya gani.
Shi ma ba ni nake karanta shi ba,
Abuja ake kai shi duk wata uku.

Baba ya zaro ƙarfe ja da awartaki.
Ya ce, "Zuga mini, hannuna ya gaji."
Na tuɓe agogo, na durƙusa.
Inna na tsaye, ba ta ɗauke ƙwaryarta ba.