Faifai Uku a Paracho

Kwana ashirin da ɗaya jitar nan ta yi a rataye,
fentinta yana shan iska.
Kakana Nemesio ya danna farce a gindin wuyanta,
inda idon mai saye ba ya zuwa.
Farce bai shiga ba.
Ya ce, "Ta nuna, Yunuen. Tada inji."

Faifai uku ne a shagonmu,
kowanne da jakarsa, kowanne da curinsa.
Na fari auduga ce da aka ɗinke tam,
ɗinki yana zagaye kamar bayan katantanwa.
Mai taurin kai ne, yana cizo.
Curinsa ruwan ƙasa ne, da gautsi a tafin hannu,
su biyu ke cinye sawun da samfefa ta bari.
Na tsakiya ɗinkinsa rabi ne, curinsa ruwan ƙwai.
Na uku ba ɗinki ko ɗaya,
ganye-ganyen ƙyalle ne, laushi kamar kunnen ɗan maraƙi,
shi farin curi kawai ya sani,
shi ma kaɗan, taɓawa ɗaya a janye.

Shekarar da na cika sha shida
ana ruwa kan duwatsun garinmu,
ƙararrawar coci ta buga biyar, ina sauri.
Hannuna ya ɗauko ruwan ƙasa,
ya kai wa mai laushi.
Ko numfashi biyu ban yi ba na ankara.
Na ce a raina, wa ya gani?
Na sa fari a kai, na rufe,
na miƙa masa bayan jitar Fidencio,
makaɗin nan na Uruapan da ya biya rabi tun watan biyar.

A cikin shago ta yi ƙyalli har ina ganin haƙorana.
Da safe Kaka ya fito da ita rana,
ya karkata ta,
sai ga saƙar gizo daga kafaɗa har ƙugu,
zare-zare, siriri, dubu.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.
Ya kwance faifan, ya kama shi da kartaji,
ƙura ta tashi, auduga ta zuba,
ya shinshina, ya girgiza kai.
"Fari yana hawa kan ƙaiƙayi ya rufe shi,
amma ba ya fitar da shi.
Tsakuwa ɗaya ta isa ɓata garin masara."
Ya buga ƙusa a bango ya rataye shi.
Yana nan har yau,
tagulla kawai muke gogewa da shi.

Kwana huɗu na yi ina maimaita bayan jitar nan
da ruwa da samfefa mafi laushi,
zuciyata a maƙogwaro duk sa'ad da na kai gefe,
don a gefe fenti yake da sirantaka,
a nan zafi ke huda shi har katako.

Yanzu idon Kaka ya yi hazo.
Na yanka wa jakunkunan alama da almakashi:
tsaga ɗaya, tsaga biyu, tsaga uku.
Yana lalube, ba ya kuskure.
Ni ke riƙe jita, ƙasa da cibiyar faifai,
kada ya fizge ta ya maka da ƙasa.
Ina tafiya da ita, ba na tsayawa wuri ɗaya.
Shi kuma yana zaune da kofin kunun masara,
kunnensa a kan inji.

"Kin danna da yawa," in ji shi, "na ji muryarsa ta sauka."
Na sassauta.
In na gama sai in kai masa,
ya ɗora kuncinsa a kan cikinta.
In da ɗumi kamar goshin yaro mai barci, ya gyaɗa kai.
In ta fi haka,
sai ya ce a kashe inji, a bar ta ta huce,
mu ma mu ci wani abu.