Kwana Casa'in

A Võru, inda ƙanƙara kan yi zaman dirshan
har watan Afrilu ya tsufa,
Helju ta jera kofunan yogot talatin da shida
a bakin tagar kicin,
kowanne da ƙwayar masara ɗaya,
a yamushe kamar bayan hannunta.

Endel ya leƙo ta kan shinge:
"Masara 'yar rana ce, Helju.
Nan ƙasar dankali ce da kabeji.
Kwana casa'in kacal sanyi ke ara mana,
kuma ba ya yafe bashi."
Ba ta tanka ba.
Ta shimfiɗa baƙar leda a kan kunya
don ƙasa ta saci ɗumi.

Ran shida ga Yuni ta yi dashe,
ba a layi guda ba, a dunƙule,
kafaɗa da kafaɗa kamar masu jiran bas.
Dare na uku iska ta ɗauke, sama ta washe tas.
Tsohuwa ta san fassarar wannan.
Ta kwaso zannuwan gado, ta ciro labule,
har da kwat ɗin marigayi Valdur
da ta shekara huɗu ba ta taɓa ba,
ta bi ta lulluɓe.
Da asuba tara sun yi baƙi, sun langaɓe.
Na ƙarƙashin kwat kuwa
ko gezau.

A Yuli rana ta ƙi kwanciya,
kara ya wuce ƙugu, ya taɓo kafaɗa.
Bununi ya fito, iska ta yi rowa,
sai ta riƙa bin su da hantsi
tana girgiza musu kai ɗaya bayan ɗaya,
rawayan gari na sauka kan gemu,
kan tabaraunta.
Sai ga goyo.

Ƙarshen Agusta gemu ya ƙone.
Ta soka farce, madara ta tsarto.
Sai da ruwa ya tafasa ta je karya,
don zaƙin nan ba ya jiran kowa:
taku ashirin daga kara zuwa tukunya,
ta yi su da sassarfa, gwiwa na ƙara.

Endel ya ci uku,
man shanu na bin haɓarsa.
Bai ce uffan ba,
ya bar totuwa fes a faranti.

Washegari raɓa ta daskare a kan kabeji.
A bakin ƙofa ta tarar da jaka:
kofunan yogot wankakku, sun fi hamsin,
da 'yar takarda:
"Sai Afrilu.
Tagata ta fi taki samun rana."